Lamiri da Paparoma: Wa Ɗan Katolika Yake Bi Idan Suka Saɓa?

A ranar 18 ga Disamba 2023, ofishin kula da aƙida na fadar Vatican ya fitar da wata takarda mai suna Fiducia Supplicans. Kafin labarin ya iso Kano ta rediyo da wayoyin hannu ya riga ya gajarce, ya koma jimla ɗaya: wai Paparoma ya halatta auren jinsi. Ba a cika mako ba sai ga wani labarin, cewa bishop-bishop ɗin Katolika na Najeriya sun ce ba za a yi wannan a majami'unsu ba. Na farkon kuskure ne, domin takardar ta ce aure na nan tsakanin namiji da mace, abin da ta buɗe wa ƙofa shi ne gajeriyar addu'ar sa albarka ga masu irin wannan zama. Na biyun kuwa gaskiya ne, kuma shi ya fi ɗaure kai.

Ga wanda ya tashi a Kabara, kusa da Gidan Ƙadiriyya, inda yaro ke buɗe ido ya ga yadda muridi ke cire takalmi ya durƙusa gaban shehinsa, tambayar a fili take. Ta yaya mabiyi zai ce wa shugaban ɗarikarsa a'a, kuma a wayi gari yana nan cikin ɗarikar? Wasu sun ɗauka cewa Katolika ba su da ta cewa sai abin da Paparoma ya faɗa. Wasu kuma, har da 'yan cocin kansu, sun ɗauka cewa da zarar mutum ya ce "zuciyata ba ta yarda ba" magana ta ƙare. Koyarwar cocin ba ta goyi bayan ko ɗaya daga cikin biyun ba, kuma amsar tana rataye da kalma ɗaya, lamiri.

Maganar ta shafi maƙwabta na kusa. Daga Kabara zuwa babbar majami'ar Our Lady of Fatima, a wajen ganuwa, tafiyar 'yan mintuna ce a Adaidaita. Kano ta zama cikakkiyar dayosis, wato yankin da bishop guda ke jagoranta, a 1999, kuma tun 2008 Bishop John Namaza Niyiring ne ke riƙe da ita. Makarantar St. Louis da ke Bompai ta yaye 'ya'yan Musulmi masu yawa. A 2023 aka kafa dayosis ɗin Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, ya zama bishop ɗinta na farko.

Mene ne lamiri?

Kalmar daga Larabci ta zo, daga "damir". Harafin farkonta, wanda Larabawa ke alfahari da shi, yakan koma "l" a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a alƙali da alwala da larura. Ɗaliban nahawu sun san lamiri da wata ma'anar, wato kalmar da ke tsayawa a madadin suna, kamar ni da kai da shi. Asalin ma'anar dai ɗaya ce, abin da ke ɓoye a ciki. Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa sun ɗauki wannan kalma don muryar nan da ke shaida wa mutum cewa abin da zai yi daidai ne ko ba daidai ba.

Littafin koyarwar cocin, wanda ake kira Katikizim, da aka wallafa a 1992 zamanin Paparoma John Paul na Biyu, ya ware wa lamiri sakin layi na 1776 zuwa 1802. Abin da ya fi muhimmanci a ciki shi ne ya ɗauki lamiri a matsayin hukuncin hankali. Mutum ya san doka ta gaba ɗaya, cewa zalunci haramun ne, sai ya dubi abin da ke gabansa yanzu, wannan mudun da aka buga wa gindi, wannan takardar da aka ce ya sa hannu a kai, ya yanke cewa wannan zalunci ne. Jin daɗi ko ƙyama ko tsoron abin da mutane za su ce suna iya rakiyar hukuncin, amma cocin bai ɗauke su a matsayin lamiri ba.

Thomas Aquinas, malamin da ya rasu a 1274 kuma har yau ake karanta littattafansa a makarantun horar da limaman Katolika, ya raba abin gida biyu. Akwai sanin asali da aka halicci kowane ɗan Adam da shi, cewa a yi alheri a guji mugunta. Wannan ba ya kuskure, kuma ba ya mutuwa ko a zuciyar ɗan fashi. Sannan akwai ɗora wannan sani a kan wani aiki takamaimai, kuma a nan ne kuskure ke shigowa. Manzo Bulus ya riga shi, a babi na biyu na wasiƙarsa ga Romawa, inda ya nuna cewa al'ummun da ba a saukar musu da Attaura ba suna da doka a zukatansu.

Almajirin da ya karanta Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi a wani zaure a Kabara ba zai ji wannan baƙo ba. Hadisi na 27 yana maganar zunubi a matsayin abin da ke kai-komo a ƙirji, wanda mutum ba ya son a gan shi yana yi, kuma a cikinsa ne aka umarci Wabisa ya nemi fatawar zuciyarsa. Malaman da suka yi wa hadisin sharhi ba su bar shi sakaka ba, sun ce zuciyar da ake nufi ita ce wadda ilimi da tsoron Allah suka gyara. Ba a nufin addinan biyu abu ɗaya suke faɗa. Amma matsalar da suke kokawa da ita iri ɗaya ce: yaya za a girmama muryar ciki ba tare da an buɗe wa son zuciya ƙofa ba?

Dole a bi shi, ko da ya yi kuskure

Nan ne koyarwar ta fi ba mutane mamaki. Cocin ya ce wajibi ne mutum ya bi tabbataccen hukuncin lamirinsa, kuma wanda ya saɓa masa da gangan ya yi zunubi. Aquinas ya kai maganar ƙarshenta. Ya ce ko imani da Almasihu, wanda a wurinsa shi ne hanyar tsira, idan hankalin mutum ya nuna masa cewa mugun abu ne kuma ya yi shi a haka, to nufinsa ya ɓaci, domin ya zaɓi abin da ya ɗauka sharri ne. Dalilin a sauƙaƙe yake. Mutum ba shi da wata taga da zai leƙa gaskiya sai ta hankalinsa. Idan ya saba taka abin da ya yarda shi ne daidai, ya koya wa kansa raina daidai ɗin ne, ko da a wannan karon ya dace.

Sai dai bin lamiri ba ya mayar da kuskure ya zama daidai. A nan cocin ya raba jahilci kashi biyu. Akwai wanda mutum ba shi da yadda zai yi ya kauce masa, bai taɓa ji ba, babu wanda zai tambaya, ko an rene shi a kan akasin haka tun yana goye. Irin wannan ba a ɗora masa laifi, ko da yake aikin da ya yi yana nan a matsayin ɓarna, kuma wanda aka cuta ya cutu. Akwai kuma jahilcin da mutum ya saya da kuɗinsa: ya ƙi tambaya don kada a ba shi amsar da ba ya so, ko ya daɗe yana aikata abu har zuciyar ta daina motsi. Ma'aikacin da ya shekara ashirin yana karɓar na goro kafin ya ɗaga fayil zai iya rantsuwa cewa lamirinsa bai dame shi ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Cocin zai ce masa laifin yana can baya, a ranar da ya fara toshe kunne.

Saboda haka nauyin biyu ne a haɗe, a bi lamiri, kuma a yi masa tarbiyya har ƙarshen rai, ta hanyar Littafi Mai Tsarki da addu'a da shawarar masu ilimi da koyarwar cocin. Katikizim ya kuma kafa wasu turaku da ya ce ba sa gusawa a kowane hali. Na farkonsu shi ne ba a aikata mugunta don a samu alheri daga gare ta. A 1993 John Paul na Biyu ya fitar da wasiƙar Veritatis Splendor, wadda kusan dukanta martani ce ga malaman da ke ganin niyya da yanayi za su iya halatta kowane aiki. Ya dage cewa akwai ayyukan da munana ne a karan kansu, kuma lamiri shaida ne ga doka, ba shi ya kafa ta ba.

Iyakar ikon Paparoma

Aƙidar da ake fassarawa da ma'asumancin Paparoma an tabbatar da ita ne a babban taron Vatican na Farko a 1870, kuma ƙunƙuntacciya ce ƙwarai. Ba ta ce ba ya zunubi ba, shi ma yana durƙusawa gaban wani limami ya furta zunubansa. Ba ta shafi hirarsa da 'yan jarida ko ra'ayinsa kan siyasa ba. Ta tsaya ga lokacin da ya yi magana a hukumance, a matsayin makiyayin cocin duka, yana yanke hukunci na ƙarshe kan aƙida ko ɗabi'a. Misalin da kowa ya yarda da shi tun daga 1870 shi ne na 1950, lokacin da Pius na Goma Sha Biyu ya ayyana aƙidar ɗaukar Maryamu zuwa sama. Sauran koyarwa tana da matakai, kuma ana bukatar ɗan coci ya karɓe ta da ladabi da miƙa wuya, gwargwadon nauyinta. Kundin dokokin cocin, a doka ta 212, ya ba mabiya 'yancin bayyana wa shugabanni ra'ayinsu, wani lokaci ma ya ce wajibi ne.

Bayan taron 1870, tsohon firaministan Birtaniya William Gladstone ya yi zargin cewa ɗan Katolika ba zai iya zama ɗan ƙasa na gari ba, tunda ya miƙa wa Roma hankalinsa. John Henry Newman, limamin Anglika da ya koma Katolika, ya ba shi amsa a 1875 cikin wata doguwar wasiƙa da ya aika wa Duke na Norfolk. A nan ne ya yi maganar da ta shahara, cewa in za a sa shi ya jinjina, zai fara da lamiri kafin Paparoma. Masu son 'yanci sukan tsaya a nan. Amma a cikin wasiƙar ya yi kaca-kaca da abin da mutanen zamaninsa ke kira lamiri alhali son rai ne, ya kuma ce wanda zai ƙi umarnin Paparoma sai ya yi addu'a da bincike mai tsanani, har ya iya tsayawa gaban Allah ya ce ba zai iya ba. Cocin ya ayyana Newman waliyyi a 2019.

Da wannan ma'auni za a fahimci abin da ya faru a ƙarshen 2023. Fiducia Supplicans ba ta cikin matakin da ba a jayayya da shi, kuma ba ta tilasta wa kowane limami ya yi addu'ar ba. A ranar 11 ga Janairu 2024, Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, shugaban ƙungiyar bishop-bishop ɗin Afirka, ya fitar da sanarwa cewa ba za a yi irin wannan sa albarka a majami'un nahiyar ba, kuma ya yi hakan da amincewar Paparoma Francis. Abin da ya faru ya fi kama da shugabannin yanki suna amfani da ikon da suke da shi, fiye da mutum ɗaya yana bin zuciyarsa. Duk da haka ya nuna cewa biyayya a cocin tana da ƙofofi da tagogi.

Waɗanda suka biya da wuyansu

Waliyyan da cocin ke kafa misali da su a wannan babi, lamiri bai sauƙaƙa wa ko ɗayansu rayuwa ba. Thomas More, tsohon babban alƙalin Ingila, ya ƙi rantsuwar da za ta amince da Sarki Henry na Takwas a matsayin shugaban coci, aka fille masa kai a 1535. A Buganda, Charles Lwanga da abokansa, yaran fadar Kabaka Mwanga na Biyu, sun ƙi biya wa sarki bukatarsa, aka ƙone su a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886.

Labarin da ya fi nauyi shi ne na Franz Jägerstätter, wani manomi a ƙauyen St. Radegund na ƙasar Ostiriya, mai mata da 'yan mata ƙanana uku. Ya yanke cewa yaƙin Hitler zalunci ne, kuma ba zai ɗauki bindiga a cikinsa ba. Ya nemi shawarar limamai, har ya je wurin bishop ɗin Linz. Abin da ya ji shi ne ya tuna iyalinsa, alhakin yaƙi yana kan masu mulki, ba kan talaka ba. Mutanen ƙauyensu sun ɗauke shi mai taurin kai. An kashe shi ranar 9 ga Agusta 1943, kuma shekaru suka shuɗe ba a ambatonsa. A 2007, a babbar majami'ar Linz ɗin nan, cocin ya ɗaga shi zuwa matakin da ke gab da waliyyi, matarsa Franziska tana zaune a wurin, tana da shekara 94. Manomin ya ga abin da malamansa ba su gani ba, kuma da ilimin da suka koya masa ya gan shi. Wannan ne ya sa ba za a iya cewa lamirin kirki shi ne kawai wanda ya yi daidai da bakin limamin da ke kusa ba.

Katikizim ya ɗauki darasin. Sakin layi na 2242 ya ce wajibi ne ɗan ƙasa ya ƙi umarnin hukuma idan ya saɓa wa ɗabi'a ta gari ko haƙƙin ɗan Adam, na 2313 kuma ya ce makauniyar biyayya ba uzuri ba ce ga sojan da ya aikata ta'asa. Musulmi sun san ƙa'idar da ta yi kama da wannan, wadda ta hana yi wa abin halitta biyayya cikin saɓon Mahalicci.

Inda aka ja daga

Rikici mafi girma a wannan zamani ya taso ne kan tazarar haihuwa. Paparoma Paul na Shida yana da kwamitin da ya yi nazarin magungunan hana ɗaukar ciki, kuma mafi rinjayen mambobinsa sun ba da shawarar a sassauta. Ranar 25 ga Yuli 1968 ya fitar da wasiƙar Humanae Vitae, ya ƙi shawarar. Ya amince ma'aurata su tsara haihuwa ta hanyar lura da kwanakin mace, ya haramta ƙwayoyi da makamantansu. Cikin 'yan watanni bishop-bishop ɗin Jamus a Königstein da na Kanada a Winnipeg suka fitar da sanarwowi da suka bar wa lamirin ma'aurata fili, idan sun yi nazari da gaske suka kasa gamsuwa.

Tun daga nan ra'ayi ya rabu. Ɓangare ɗaya na cewa idan lamirin da ya yi tarbiyya dole ne kullum ya ƙare a inda Roma ta tsaya, to kalmar ba ta da amfani, a kira shi biyayya kawai a huta. Suna kuma kawo tarihi. A 1832 Paparoma Gregory na Goma Sha Shida ya kira da'awar 'yancin lamiri ga kowa hauka. A ranar 7 ga Disamba 1965 taron Vatican na Biyu ya amince da takardar Dignitatis Humanae, da ƙuri'a 2,308 a kan 70, wadda ta ce ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini. A 2018 Francis ya sauya abin da Katikizim ya ce kan hukuncin kisa, ya ce ba abin yarda ba ne. Idan koyarwa tana motsi, in ji su, to waɗanda suka riga ta isa wurin ba 'yan tawaye ba ne.

Ɗaya ɓangaren na amsawa cewa bunƙasar koyarwa daban, kowa ya zama Paparoman kansa daban. Suna nuni da cewa abin mamaki ne yadda lamirin mutanen zamani ke yawan samun sassauci daidai inda sha'awa take so, a gado da aljihu, ba ya cika umartar kowa da ya ƙara azumi ko ya mayar da dukiyar da ya ci ba. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma duk mai gaskiya zai ji ta a jikinsa. Sai dai ba ta amsa batun Jägerstätter ba, kamar yadda masu sassauci ba su amsa batun ma'aikacin da ya kashe zuciyarsa ba.

Rigimar ta sake tashi a 2016, da wasiƙar Francis kan iyali, Amoris Laetitia. A ciki ya ce aikin cocin shi ne tarbiyyar lamiri, ba maye gurbinsa ba, ya kuma buɗe hanyar da wasu da suka sake aure bayan saki za su iya komawa cin Jibin Ubangiji bayan doguwar tattaunawa da limami. Kadinal huɗu, ciki har da Raymond Burke na Amurka, suka aika masa tambayoyi biyar a rubuce suna neman ya fayyace ko Veritatis Splendor tana nan. Bai ba su amsa kai tsaye ba.

Misalai biyu daga gida

Ba duk wanda ya ce lamiri ne ke da gaskiya ba, kuma Najeriya ta ba da misali. A Disamba 2012 aka naɗa Peter Okpaleke, ɗan jihar Anambra, bishop ɗin Ahiara a yankin Mbaise na jihar Imo. Limamai da mabiya da yawa suka ƙi shi, suna cewa an daɗe ana danne su, ga 'ya'yansu limamai birjik amma aka ɗauko musu baƙo. Bai samu shiga dayosis ɗin ba. A Yuni 2017 Francis ya ba kowane limamin Ahiara kwana 30 ya rubuto takardar neman gafara da alkawarin biyayya, ko a dakatar da shi. An rubuta takardun, amma ƙiyayyar ba ta kwanta ba, kuma a Fabrairu 2018 Okpaleke ya ajiye muƙamin. Daga baya aka ba shi sabuwar dayosis ta Ekwulobia, a 2022 kuma aka naɗa shi kadinal. Koken mutanen Mbaise na iya zama da tushe. Amma babu wanda aka umarta ya aikata zunubi, kuma ƙin mutum saboda garinsu yana da wuyar shiga ƙarƙashin inuwar lamiri. Duk wanda ya san rikicin naɗin limamin Juma'a ko na sarauta a ƙasar Hausa ya san irin wannan zafin, ya kuma san sunansa.

Na biyu shi ne Fada Hyacinth Alia. Dokar coci ta 285 ta hana limami riƙe muƙamin mulki. Da ya shiga takarar gwamnan Binuwai, bishop ɗinsa na Gboko, William Avenya, ya dakatar da shi daga hidima a bainar jama'a a Mayu 2022. Ya ci zaɓe a 2023. Ko da a ce ya tabbata a ransa cewa ceton jiharsa ne ya kira shi, cocin ya nuna cewa yana iya barin hukuncin zuciyar ga Allah, ya kuma zartar da dokarsa a fili. Lamiri yana ɗaure mai shi. Ba ya ɗaure hukumar da za ta hukunta shi, kuma ba ya ɗauke masa sakamako.

Abin da zai biyo baya a ƙasar Hausa

Wurin da ake wannan aiki kullum ƙaramin wuri ne. A majami'un Katolika akan ware lokaci, sau da yawa ranar Asabar, mutane su yi layi shiru. Kowa ya riga ya zauna ya binciki kansa. Idan layi ya zo kansa sai ya durƙusa kusa da Fada, wani lokaci da labule ko raga a tsakaninsu, ya faɗi tsawon lokacin da ya ɗauka bai zo ba, ya lissafa abin da ya yi. Limamin bai ga komai da idonsa ba, abin da mai tuba ya kawo shi ne kawai a gabansa, kuma doka ta 983 ta haramta masa fitar da ko kalma ɗaya, ko da za a kashe shi. Tsarin duka ya dogara ne ga gaskiyar mutum da kansa. Tun 1215 aka wajabta wannan aƙalla sau ɗaya a shekara.

A waje kuwa, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin tunani da lamiri da addini. Ga ma'aikaciyar jinya 'yar Katolika da aka nemi ta taimaka a zubar da ciki, koyarwar a fili take, wasiƙar Evangelium Vitae ta 1995 ta ce ta ƙi. Ga ɗan sanda a shingen hanya da malamin zaɓe a rumfa ma haka ne, ko da yake ba a cika jin an kafa hujja da lamiri a waɗannan wuraren ba, kuma wannan rashi ne babba. Koyarwar 1965 tana da kaifi biyu: ɗan Katolika da ke neman a bar shi ya gina majami'a, dole ya bar ɗansa idan ya zaɓi Musulunci da zuciya ɗaya, domin doka ta 748 ta hana tilasta wa kowa karɓar addinin Katolika.

Tambayar da ta fi taɓa Hausawa Kiristoci ita ce ta auren mace fiye da ɗaya. A ƙauyukan Maguzawa na kudancin Kano da Katsina, inda cocin ya samu mabiya, ana samun magidanci mai mata biyu ko uku da ya auro su bisa al'ada tun kafin ya ji wa'azi. Doka ta 1148 ta ce idan zai karɓi baftisma sai ya zauna da ɗaya, ba lallai uwargida ba idan hakan ya yi masa tsanani, ya kuma tabbatar an biya wa sauran bukatunsu bisa adalci. A takarda abin ya yi tsaf. A tsakar gida kuwa, ana maganar matar da ta shekara talatin tana daka da noma a gidan, ta haifi 'ya'ya, iyayenta sun rasu, ba ta yi laifin komai ba. Lamirin mijin yana gaya masa cewa sallamarta zalunci ne, kuma cocin ne ya koya masa ƙin zalunci. Da yawa sukan zaɓi su ci gaba da zuwa sujada shekara da shekaru ba tare da baftisma ba, suna zaune a benci lokacin da sauran ke tashi zuwa cin Jibi, wasu sai a gadon mutuwa ake zuba musu ruwan.

Babban taron bishop-bishop da aka yi a Roma a Oktoba 2023 ya nemi ƙungiyar bishop-bishop ɗin Afirka ta yi nazari na musamman kan wannan matsala, ta fuskar aƙida da ta kula da mabiya. Babu alamar cocin zai sauya matsayinsa cewa aure na mutum biyu ne. Abin da aka nemi a duba shi ne yadda za a yi da gidajen da aka riga aka kafa, da matan da dokar ta ce a sallama, da 'ya'yan da za su tashi suna kallon yadda addinin babansu ya yi da uwarsu. Bishop-bishop ɗin Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato da Maraɗi suna cikin waɗanda amsar za ta fara sauka a ƙofarsu.